Sunan Mamaci a Allon Ɗakin Kati

Zuwa ga Shugaban Kwamitin zaɓen sabuwar manhajar gyaran kwamfuta daga nesa, na ƙungiyar ƙananan asibitocinmu, Babban Ofis, Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah Ya ƙara girma, Ya yi riƙo da hannayenku a kan aikin da aka ɗora muku.

Sunana Hauwa'u. Ni ce mai yankar kati a reshenmu na Babban Mutum, ko kuwa in ce ni ce a da, domin yau mako na bakwai ke nan ina zaune a gida da takardar dakatarwa. Na rubuto sau biyu ta hannun ofis, shiru. Na zo Daura da ƙafata, aka ce kana taro, na zauna a benci har aka kira la'asar, sannan aka ce ka fita ta ƙofar baya. Shi ya sa na fito fili. Ban ambaci sunan ƙungiya ba, ban ambaci naka ba, don ba tozarci na zo yi ba. Akwai kuma suna na uku da ba za ka gani a nan ba, na maigidana, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi muku aiki a sashen kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya muna tare bakina bai taɓa furta sunansa ba, kuma ba yanzu zan fara ba. Malam nake ce masa.

Ga masu karatu da ba su san abin ba, manhajar da ake magana ita ce wadda ma'aikacin kwamfuta zai zauna a Daura, ya shiga kwamfutar da ke gabanka a ƙauye, ya ga duk abin da kake gani, ya riƙa juya kibiyar allo kamar hannunsa ne a kan linzamin kwamfutarka. An zarge ni da cewa na bi ta cikinta, da sunan mijina da ya rasu, na tona asirin wani majinyaci. Ban yi ba, shi ma bai yi ba. Shaidar da za ta wanke mu tana cikin tsohuwar manhajar da kuke shirin gogewa a ƙarshen watan nan. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya.

Malam ne ya ɗora manhajar a kwamfutocin rassa da hannunsa, tun daga na Kongolam har namu. Ban zo in kushe ta ba. Kafin zuwanta, idan firinta ta yi gardama sai mu koma rubutun hannu har kwana uku, muna jiran wani ya hau babur daga Daura. Da ta zo, abin da ke cin kwanaki ya koma na ɗan lokaci, kowa ya ji daɗi.

Da farko tana da ladabi. In za a shigo, wani ɗan akwati ne zai fito a allo yana neman izini, sai ka danna ka amince. Daga baya Injiniya, shugaban sashen kwamfuta, ya ce masu kati suna ɓata musu lokaci, wasu tsoron dannawa suke yi, wasu sun fita, ga shi in an kira mu a waya ba a samu, don layinmu a nan yakan tsallaka zuwa na Nijar. Sai ya sa aka kashe neman izinin gaba ɗaya. Malam ya dawo gida a ƙarshen makon ransa a ɓace. Yana wanke hannu zai ci tuwo ya ce mini, “Abin nan bai kwanta mini ba. Ko gidan ƙanenka ba ka faɗawa ba sallama.” Ya yi magana a ofis, ba a saurare shi ba.

Sai ya ƙirƙiro tasa sallamar. In ya shigo kwamfutar reshe, ba ya taɓa komai. Kibiya zai kai kusurwar allo ta sama, ya kewaya da ita sau uku, ya tsaya. Mai kati in ya gani sai ya girgiza linzami, wato an amsa, bismillah. In ba a amsa ba zai jira, in jiran ya yi tsawo ya fita ya dawo an jima. Duk masu katin rassa sun san wannan, abokan aikinsa kuma suna tsokanarsa da mai sallama da kibiya. In ni ce a kujera kuwa, kewayen na uku yakan fi sauran faɗi. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Na biyu.

Zazzaɓi ne na kwana huɗu ya yi ajalin Malam. Ranar Laraba ya dawo yana cewa kansa, ranar Asabar aka yi masa sutura. Kun zo ta'aziyya, kai da kanka ka zauna a tabarmar zaurenmu, kuma ban manta ba, na gode.

Na yi takabata, wata huɗu da kwana goma, na koma aiki. A ranar farko da hantsi, ina cike wa wata mai goyo kati, sai na ji kibiya ta zame daga ƙarƙashin hannuna. Na ɗaga kai. A kusurwar allo ga sunansa cikakke, har da na mahaifinsa, an rubuta ya shigo. Babu marigayi, babu Allah Ya jiƙansa. Matar tana cewa, “Malama, lafiya?” ni kuwa idona yana kan allo. Kibiyar ta buɗe wani abu, ta rufe, ta gyara abin da ta zo gyarawa, sannan allon ya rubuta ya fita.

Na tashi na je bakin tankin ruwa, inda layi yake kamawa, na kira Injiniya. Ya saurare ni, ya yi 'yar dariyar lallashi. Ya ce, “Haba Hajiya, ai suna ne kawai. Lasisin mutum ɗaya aka saya tun farko, da sunansa aka buɗe, dukkanmu da shi muke shiga. Ki yi haƙuri, za a canja.” Ranka ya daɗe, ban san yadda ake kallon suna a sashen kwamfuta ba. A wajenmu dai suna shi ne abin da aka tara jama'a da sassafe, aka yanka rago, aka yi addu'a a kansa. Sau uku ina tuna masa, kowane karo amsar ɗaya ce, za a canja.

Haka na zauna wata da watanni, mijina yana shigowa yana fita a gabana sau biyu ko uku a mako. Ba na ce na saba ba. Abin da na yi shi ne na koyi gane hannuwa. Akwai mai gaggawa, kibiyarsa sai tsalle. Akwai mai rawar hannu da yake yawo a allo kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Akwai wanda kullum sai ya buɗe abin da ba shi ba, ya rufe da sauri. Na Injiniya miƙe yake tafiya. Hannu biyar na ƙirga a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma babu mai sallama a cikinsu.

Gari kuwa ya ɗauki maganar tasa hanyar. Mai goyon nan ta ba da labari a gidan suna, labarin ya yi ƙafa. Mai shara ta daina shiga ɗakin kati sai da wani a ciki. Mata suka koma miƙo kati ta taga, ba sa ƙetare dokin ƙofa. Talatu, ma'aikaciyar jinyarmu, mace ce mai hankali wadda ba ta camfi, amma ita ma ta fara yafa wa allon ƙyalle in za mu fita salla. Wata rana mun dawo daga azahar, ɗakin a kulle kamar yadda muka bar shi, muka tarar haske yana motsi a ƙarƙashin ƙyallen. Muka tsaya a ƙofa har ya gama.

Na uku.

Juma'a ta biyu bayan ƙaramar Salla. Maza duk sun tafi masallaci, har da shugaban reshe da maigadi. Garin ya yi tsit, ba ka jin komai sai huɗuba daga nesa ta lasifika, da ɗan ƙugin batiran sola a bayan ƙofa. Rana tsaka ce, haske ko'ina. Ina zaune ina jera katunan safe, Talatu tana bayana tana shirya magani a kantar bango.

Sunan ya fito. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne, wane ne a cikinsu bai je Juma'a ba? Na zuba ido in gane hannun. Kibiyar ba ta yi tsalle ba, ba ta yi yawo ba. A hankali ta haura kusurwar sama. Ta kewaya sau ɗaya. Ta kewaya sau biyu. Na ukun ya fi sauran faɗi. Sannan ta tsaya.

Ranka ya daɗe, ni musulma ce, 'yar malamai. Na san wanda ya tafi ya tafi, kuma na san abin da ke gabana waya ce da lantarki. Duk na san wannan a lokacin. Amma hannuna bai yi shawara da ni ba. Na girgiza linzamin.

Daga nan kibiyar ba ta yi laluben komai ba. Ta nufi wurin neman suna, haruffa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya taɓa madanni, sunan wani dattijo ne mai sana'ar dabbobi da ke karɓar magani a wajenmu. Fayil ɗinsa ya buɗe, ta wuce kai tsaye shafin sakamakon gwajin jini, ta tsaya a kai kamar tsawon a karanta Fatiha uku. Talatu ta damƙi kafaɗata ta ce a hankali, “Hauwa, zare wutar.” Kafin in kai hannu soket fayil ɗin ya rufe, allon ya rubuta ya fita. Muna nan tsaye muka ji liman ya tayar da kabbara.

Ranar Litinin na rubuta duk abin da na gani na miƙa wa shugaban reshe, har da cewa na amsa. Ba wanda ya tilasta mini. Wannan takardar ce daga baya aka ɗaga a gabana aka kira ta amsa laifi.

Na huɗu.

Mako bai cika ba sai ga ciwon dattijon nan a bakin mutane a kara, kasuwar dabbobi. Masu ba shi hannu suka koma ɗaga masa daga nesa. A wajen wani ɗaurin aure aka ware masa kwano shi kaɗai. 'Ya'yansa suka kawo ƙara, kuma suna da gaskiya. Aka kira ni Daura gaban masu bincike.

Hujja uku aka kafa mini. Wai wayar Malam tana hannuna, wai ba mamaki na san kalmar sirrinsa, wai kuma na amsa wa mai shigowar. To, wayar tana kashe tun ranar rasuwa, tana cikin akwatin tufafinsa da yayansa ya kulle ana jiran rabon gado, makullin yana aljihun yayan. Kalmar sirri kuwa, mutumin da ko lambar katin wani ba ya faɗa a gida, ita zai ba ni? Sannan na yi tambaya ɗaya. Ni ce mai kati. In ina son ganin fayil ɗin nan, da makullina zan buɗe, ko in miƙa hannu in ɗauko na takarda a kantar da ke bayana. Me zai sa in zagaya ta Daura in shigo ɗakin da nake zaune a ciki? Har yau ba wanda ya amsa mini wannan.

Sai sakataren zaman ya turo mini takarda, ya ɗora yatsa a wani layi, ya ce in karanta da ƙarfi wanda ya shiga a ranar. Na duba, sunan ne. Na sunkuyar da kai. Ya maimaita, na yi shiru. Aka rubuta a rahoto cewa na ƙi ba da haɗin kai. Ranka ya daɗe, duk mutanen da ke zaune a teburin nan Hausawa ne, mata Hausawa suka haife su. Wane ne a cikinsu ya taɓa jin mahaifiyarsa ta kira sunan mahaifinsa gatsau a gaban maza? Sun san abin da ya rufe mini baki sarai, amma biro ya rubuta abin da ya fi sauƙi. Wannan ya ƙona mini rai fiye da dakatarwar, kuma ina so a cire shi daga fayil ɗina.

Wani abin kuma, Injiniya ne aka zaunar ya yi wa masu binciken bayanin takardar. Mutumin da makulli yake hannunsa da na yaransa, su biyar, shi aka tambaya yadda aka buɗe ƙofa. Ban ce shi ne ba. Ban ce ɗaya daga cikin biyar ɗin ne ba, domin na ji akwai waɗanda suka bar aiki tun Malam yana raye kuma ba a taɓa canja kalmar ba. Abin da na sani shi ne duk wanda ya yi ya san sallamar, ya kuma zauna kusa da Malam har ya lura da kewaye na uku. Ban san ko wane ne ba. Ku ma ba ku sani ba, kuma babbar matsalar ke nan.

Na biyar.

Bayan an dakatar da ni, wata rana da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida, aka ce dattijon ne. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule. Ya rame, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce, “'Yata, ban zo da faɗa ba. Wasu sun ce ke ce, wasu sun ce shi ne bai kwanta ba. In ke ce, Allah Ya shirye mu baki ɗaya. In kuwa shi ne, na yafe masa duniya da lahira, kada haƙƙina ya hana bawan Allah kwanciya.” Ya yi addu'a, ya shafa, ya tashi.

Na yi masa godiya, don ban san me zan ce ba. Amma wallahi ban taɓa jin zafin magana kamar na wannan yafiyar ba. Zagi da an zage ni da na jure. Mutumin kirki ne ya tako da ciwonsa ya yafe wa mijina laifin da bai yi ba, kuma a garin nan yanzu haka ake ba da labarin, an ce wane ya yafe wa mamacin. Duk wanda ya ji an yafe, ya riga ya yarda an yi.

Kuma abin bai tsaya ba. Talatu tana zuwa duba ni, ta ce sunan yana nan yana shiga yana fita. Juma'ar da ta wuce ta waccan, lokacin salla, tana ita kaɗai a reshe, ta hango ta ƙofa kibiya ta haura kusurwa, ta kewaya sau uku a gaban kujerata da ba kowa a kai, ta tsaya. Ta ce kibiyar ba ta buɗe komai ba, jira kawai take yi. Kibiyar tana nan tsaye har liman ya sallame, sannan ta fita. Ni a lokacin ina tsakar gida ina tankaɗe a gaban uwar mijina da maƙwabta biyu. Talatu ta ce ba za ta sake zama ita kaɗai ranar Juma'a ba, ko za a kore ta.

Na shida.

Na ji kamfanoni uku sun zo sun nuna muku hajarsu a babban allo. Na ji abin da kuke aunawa shi ne wadda ta fi sauri, wadda ke jure raunin sabis, da wadda ta fi sauƙin kuɗi. Na ji har an yaba wa ɗaya saboda tana shiga ko ba kowa a wurin. Duk waɗanda ke ba ku shawara masu shiga ne. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda ake shigo wa, mu da muke zaune a ɗaya ɓangaren allon da asirin mutane a gabanmu. Ni ba injiniya ba ce, amma na zauna da wanda ya san aikin, na kuma ɗanɗana. Ga abin da nake roƙo.

Kafin komai, kada a goge tsohuwar manhajar. Malam ya taɓa nuna mini cewa rajistarta ba suna kaɗai take rubutawa ba, a ƙarƙashin sunan akwai wace na'ura ce ta shigo, daga ina, da ƙarfe nawa. Wannan shafin ba a nuna mana shi a zaman bincike ba. A ɗauko shi, na Juma'o'in nan biyu, a ba wani masani daga waje wanda ba ya ƙarƙashin sashen kwamfuta ya duba. In aka goge a ƙarshen wata, abin da zai rage a duniya shi ne takardar da ke ɗauke da sunan Malam da rahoton da ya ce na ƙi ba da haɗin kai.

Sannan duk wadda za ku zaɓa, ta zama mai sallama. Ta nemi izini, ta faɗi wanda ke ƙofa da abin da ya kawo shi, in ba a amsa ba ta jira. Na san za a ce akwai gyaran da dole a yi shi bayan an tashi aiki. To, a sa masa rana da lokaci, a sanar da reshe, kuma a rufe fayilolin majinyata daga idon mai gyaran. Wanda ya zo duba firinta ba shi da hurumi a sakamakon jinin kowa.

Kowane ma'aikaci da sunansa da makullinsa, kuma in zai shiga a tura lamba wayarsa ta kansa. In kamfani ya ce lasisin mutum ɗaya zai ishi mutum biyar, ku sallame shi da girma.

Rajistar shiga da fita ta zama wadda masu shigar ba za su iya taɓa ta ba, kwafinta yana hannun wani a wajen sashensu. A kuma ba mai kati madanni ɗaya da zai danna ya fitar da baƙo nan take. Da ina da shi a ranar nan, da ban tsaya laluben soket ba.

In ma'aikaci ya bar aiki ko ya rasu, a rufe makullinsa a makon. Motar da ta kawo ku ta'aziyya bai kamata ta koma Daura ba sai da wanda aka ɗora wa wannan. Kuma ku zaunar da mai kati ko da guda ɗaya a kwamitinku, ba lallai ni ba, ya gaya muku yadda abin yake in kibiya ta ƙwace daga hannunsa.

Game da aikina, ina so a mayar da ni, ba zan yi ƙarya ba, ina da yara. Amma ba na so a mayar da ni don tausayi, a ce a rufa wa matar marigayi asiri. A bincika. In aka samu hannuna a ciki, ku kore ni ku sanar a gari. In ba a samu ba, a aika wa dattijon nan da mutum ya je har gida ya gaya masa cewa wanda ya cuce shi yana raye yana cin abinci, don ya san inda zai kai yafiyarsa ko ya riƙe ta.

Ranka ya daɗe, Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, Ya shirya maka zuriya. Allah Ya tsare ka daga ranar da za a yi aiki da sunanka alhali ba ka da bakin kare kanka.

Saura roƙo ɗaya, kuma shi ne ya fi yi mini nauyin rubutawa. Akwai abin da ban gaya wa masu bincike ba. A watannin nan da nake ƙorafi a cire sunan, duk safiyar da na zauna a kujera sai na tsinci idona a kusurwar allo yana jira. Ranar da bai fito ba, nakan koma gida da wani irin nauyi a ƙirji. Na san ba shi ba ne, kuma ina istigfari, amma haka abin yake.

Mu mata ba ma raka gawa maƙabarta. Daga tsakar gida aka ɗauke shi, na ga bayan mutane sun fita ta zaure, shi ke nan. Don haka in an gama bincike, ranar da za a rufe makullinsa, ku aiko a kira ni. Zan zo in zauna a kujerar baya, ba zan yi muku kuka a ofis ba. Ina so in ga sunan ya sauka daga allo da idona, in ce Allah Ya jiƙansa, in ji abokan aikinsa sun ce amin. Amma sai an fara wanke shi tukuna. Kada ku binne shi karo na biyu da laifin wani a jikinsa.

Wassalam.

Hauwa'u,
mai yankar kati, reshen Babban Mutum.